Yis ɗin Mista Otto a Ƙullun Gwaggo

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikan Gwaggo Hajara ba. Yau sati uku ke nan, amma wallahi har yanzu in na ji ƙamshin waina sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni matsoraciya ce. Tun muna sakandare a Kano, in malami ya shigo ya ce, "Su wa ke surutu?" ni nake fara kuka, alhali ko tari ban yi ba. Da Gwaggo, yayar babanmu, ta ɗauko ni zuwa gidanta a Manassas, can Amurka, tsoron bai tsaya a filin jirgi ba, tare muka sauka.

Bayan shekara guda na samu aikin kula da wani tsoho a Alexandria, Mista Otto, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Gwaggo ba ta so ba. Da ƙyar ta yarda, ta kuma gindaya sharaɗi: "Ranar da na ji wani abin da bai kwanta mini ba daga gidan Baturen nan, ke da aiki har abada. Ki zauna ki yi mini raino." Aikin nan kuwa shi ne komai nawa. Da shi nake sa ran shiga makarantar koyon jinya, shi ne kuma kaɗai yake fitar da ni daga gida.

Mista Otto mutumin kirki ne. Ya ware mini wurin salla a falonsa, ya daina sayen naman alade tun zuwana. Aibinsa ɗaya: a ɗakin ƙasa yana dafa giyarsa da kansa, wai irin ta garin kakanninsa a Jamus, wata fara-fara marar nauyi. Maƙwabcinsa ne ke taya shi. Ni ko matakalar ɗakin ban taɓa takawa ba.

Sai ranar Asabar, ana gobe suna. Sun dafa ruwan sha'irinsu tun da safe, suka zo zuba yis, suka tarar nasu ya daɗe da lalacewa. Maƙwabcin ya wuce wurin aiki, sai yamma zai dawo. Tsoho ya kira ni, ya langaɓe kai, ya miƙo mini wata 'yar takarda.

"Shagon ba nisa, tasha uku ne a bas. In ba a zuba yau ba, aikinmu duk ya tashi a banza. Za ki taimaka mini?"

Na buɗe baki zan ce a'a. Sai na ji bakin ya ce, "To." (Haka yake yi mini kullum, ba ya shawara da ni.)

Ku kwatanta a ranku: ni, da hijabina ruwan toka har gwiwa, a ƙofar shagon kayan dafa giya. Sau uku ina wuce ƙofar kamar mai neman wani gida. Duk tasin da ta gifta sai in juya wa titi baya, don rabin direbobin da na sani a yankin nan abokan mijin Gwaggo ne. Da na shiga, sai ga manyan tukwane, da buhunan hatsi, da wani ƙaton mutum mai gemu har ƙirji a bayan kanta. Na miƙa masa takardar ba tare da na ɗaga ido ba.

"Wannan ya ƙare," in ji shi. Ya jero mini fakiti uku na busasshen yis, kowanne bai fi tafin hannu ba. "Na farko yana ba da ƙamshin ayaba da kanumfari. Na biyu na nan ƙasar ne, ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Na uku na Jamus ne, yana aiki ko da sanyi, sai dai yana daɗewa bai kwanta ba. Ke wace iri kike son dafawa?"

"Ni? A'uzubillahi!"

Da ƙarfi na faɗa, har wani mai auna hatsi ya waiwayo. Na ce ba ni ba ce, wani tsoho ne, marar lafiya, ni aiko ni kawai aka yi. Na buga wa Mista Otto waya sau huɗu, bai ɗauka ba (in ya ci abincin rana yakan cire na'urar kunnensa, ko gidan zai rushe ba zai ji ba). Ga ni ga fakiti uku, ga gemu yana jira.

"To, ɗakin da yake ajiyewa, akwai sanyi?"

Wannan kam na sani. Duk lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin ƙasan nan, sanyi ne ke dukan ƙafafuna. Kuma ni da na taso ina kwaɓa ƙullun waina tun ina 'yar shekara goma, na san halin yis: in ya ji sanyi, lalaci yake yi. Na nuna na uku na ce, "Ba ni mai jure sanyin." Ya ce a wuri mai sanyi gara a zuba biyu. Na ce ya ba ni huɗu, don kada wani dalili ya sake dawo da ni shagon nan har in mutu.

Mista Otto ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce ko shi ne ya je, wannan zai zaɓa. Na ajiye masa biyu a tebur, sauran biyun na manta da su a jaka.

Na iso gida dab da magariba, ƙanƙara ta fara zuba. Na tarar Gwaggo ta markaɗa shinkafar waina cike da babbar roba. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Ina yis ɗin da na ce ki sayo?"

Tun da safe ta aike ni, tashin hankalin shagon ya goge mini shi tas. Kawu, mijin Gwaggo, ya fita da mota ɗauko baƙi, kanti mafi kusa ba a zuwa da ƙafa, ga mutum ya fi hamsin za su zo gobe. Na dubi fuskar Gwaggo. Wanda ya san Gwaggo ya san fuskar da nake nufi.

"Yana cikin jaka," na ce. (Ku lura, ban yi ƙarya ba.)

"To zuba, ki rufe, ki kai ɗakin ƙasa. Kicin ya cika. Allah dai ya sa ya tashi, sanyin ƙasar nan ba ya barin ƙullu ya yi abin kirki."

Na jiƙa shi da ruwan ɗumi da sukari, na juye, na yi bisimilla sau uku don ban tabbata ɗaya za ta isa ba. Fakitin da babu komai ciki na cusa a aljihun rigar girki, da niyyar in jefar inda ba mai gani.

Da safe muka sauka. Ƙullu ya taso har ya ture murfi. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! A wannan sanyin?" Muka ɗora tanda. Ban taɓa ganin waina irin ta ranar ba: fara sol, ta kumbura, ga laushi, ga ɗan tsami daidai. Ko yis ɗin ne, ko sa'a ce, Allah masani.

Bayan azahar an share hanyoyi, mata suka cika falo. Ana ci da miyar taushe, ana santi. Ni kuma ina kai da kawowa, kaina ya fara girma. A cikin baƙin akwai Hajiya Rakiya, 'yar Maraɗi, wadda duk mai biki a yankin nan wurinta yake ba da aikin waina. Na ga ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta tsaga, ta leƙa cikinta.

"Hajara, wa ya yi masag ga?"

"'Yata ce," in ji Gwaggo, har da gyara zama.

"Ke ɗiya, taho. Wane iri kinka sa mata? Shekara nawa ina hama da sanyin ga, ba ta taɓa tashi mini haka ba."

"Irin na kanti ne, Hajiya."

"Wane kanti? Kawo takardar in gani."

Na ce na jefar. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a aljihun rigar girki. Na zaro ta da sauri, sai fakitin ya biyo ta, ya yi lilo a iska, ya sauka a tsakiyar kafet. Kuma bai kife ba. Hoton ne a sama: wani dogon kofin gilas, kumfa na zubowa ta bakinsa. Ba sai ka iya Turanci ba.

Hajiya Rakiya ta ɗauke shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"La'ilaha illallahu! Hajara, masar giya kinka ba mu?"

Wata ta tofar da lomarta a tsumma. Wata tsohuwa ta fara istigfari da ƙarfi, da rabin waina a hannunta. Gwaggo ta kira sunana har da na ubana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ni kuwa ina ganin aikina yana tafiya, makarantar jinya tana bin sa, ina ganin kaina da goyo a baya har tsufa.

Sai bakin nan nawa, wanda ba ya shawara da ni, ya buɗe.

"Hajiya, don Allah da me ake yin burkutu?"

Ta harare ni. "Da dawa mana. Mi ya kawo wanga zance?"

"To ai ke kike kawo mana garin dawa daga Maraɗi. Ko shekaranjiya tuwonsa muka ci."

Na rufe bakina da hannu, amma ya riga ya fita. Wata daga bayan kujera ta tuntsire da dariya. Dakta Bilkisu, wata likita 'yar Zariya da kowa ke jin maganarta, ta miƙa hannu ta karɓi fakitin, ta sa tabarau, ta karanta gaba da baya.

"Yarinya ta fi ku gaskiya," in ji ta. "Babu ɗigon giya a cikin wannan. Shi da wanda kuke zubawa a fanke uwa ɗaya uba ɗaya ne, hoton jikin takardar ne ya bambanta." Ta miƙa mini faranti. "Ƙaro mini uku, masu ɗan ƙonewar nan."

Tsohuwar mai istigfari ta dubi rabin wainar da ke hannunta, ta ƙarasa da ita. Kafin la'asar ko ɓarɓashi bai rage ba.

Da baƙi suka watse, Gwaggo ta tsare ni a kicin. "Wainar na yarda. Amma me ya kai ki inda ake sayar da wannan?"

Na kwashe komai na faɗa mata, ina kuka ina jan majina.

"Kin taya shi ke nan, ko kin so ko ba ki so ba. Ranar Litinin ki gaya masa da bakinki ba za ki ƙara ba. In kin kasa, kin san sharaɗina."

Tun daga Manassas har Alexandria nake bitar maganar a jirgin ƙasa. Na tsaya a gabansa, na runtse ido, na ce addinina bai yarda in sa hannu a harkar giya ba, ko da aike ne, in kuma zai kore ni, to. Na jira. Da na buɗe ido sai na ga tsoho ya yi ja har kunne.

"Me ya hana ki faɗa tun ranar? Laifina ne, ban yi tunani ba. Ba zan sake ba." Da na ba shi labarin wainar, sai ya ce, "Wannan abin da kuka soya ɗin, babu saura?"

Shi ke nan fa. Abin da na kwana biyu ina mutuwa a kansa bai ɗauki minti ɗaya ba. Ina nan a bakin aikina, Gwaggo kuma duk wanda ya kira daga Kano sai ta ba shi labarin yadda 'yarta ta kashe bakin Rakiya (ta manta ita ta fara kiran sunan ubana).

Abin da na koya biyu ne. Na ɗaya, aljihun rigar girki ba kwandon shara ba ne. Na biyu, a'a ba ta kisa. Na ma sake gwada ta jiya, da Hajiya Rakiya ta kira ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗiyata, shagon nan, in kin bi ta wurin, ki sawo mini guda shida, kar ki gaya ma kowa."

Na ce, "A'a, Hajiya. Amma zan kwatanta miki hanya. Tasha uku ne a bas daga gidan Mista Otto, ki nemi mai gemu."