Yadda Aka Sauke Ni A Tsamaye

Ba za ni taɓa mantawa da shekarar farin nan ba, ko da na so mantawa, don mutanen Tsamaye ba za su bar ni ba. Shekarar ce aka yi shuka sau biyu tana ƙonewa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Gulbin da muke biyan kwalekwale mu ƙetare ya koma rairayi zalla, mai haɗiye mota har ciki.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura mai giyar taimako, ina jigilar kaya tsakanin Sabon Birni da Isa. Sai saƙo ya zo wa matata Inno daga gidansu a Tsamaye cewa rijiyar da shanun mahaifinta ke sha ta ƙafe, har saniya biyu sun kwanta, sai an ɗaga su. Tsohon nan ba shi da komai duniya sai shanun. Inno ba ta roƙe ni ba, amma ta daina cin abinci sosai, ni kuwa na gane.

Na gwada kai durom-durom na ruwa sau ɗaya, motar ta kafe tsakiyar rairayi, sai da shanun huɗa suka jawo ni. Daga nan na nufi Sakkwato gun wani bakanike, na ce a ɗaga ta. Ya ƙara mata ganyen sifirin, ya sa dogayen shok, ya kawo wasu tayoyi masu faɗi da manyan haƙora. Ya ce haka ya isa. Na ce a ƙara. (A nan ya kamata in gaya muku ni gajere ne. Ba gajeren da ake cewa “matsakaici” don a faranta mashi rai ba, gajere na gaske.)

Da na shigo gari da ita, jama'a suka bar abin da suke yi suna kallo. Daga kujerata ina hangen cikin gidajen mutane ta saman katanga, har ina sunkuyar da kai don kunya. Inno ta fito ta zagaya ta, ta ce, “Maigida, wagga mota ce ko raƙumi? Ta ina aka hawa?” Na ce mata ai hawa sai gwani. Gaskiyar magana, in babu mai kallo, taya nake takawa in kama sitiyari in ja jikina sama kamar mai hawan giginya.

Ranar Juma'a na cika durom-durom a burtsatse, na ɗora buhunan dusa a kan ƙarfen kaya da aka yi mata bisa rufi. Maimakon in sa kayan aiki, sai na ɗauko sabuwar babbar rigata ta shadda. Zuwa gidan surukai ne, kuma ni ne mai ceto, to me zai hana?

Motar ta yi abin da aka ɗaga ta dominsa, wannan kam ba ni da ƙorafi. Inda na kafe a baya, ta ratsa shi tana gurnani, ko tangaɗi ba ta yi ba. Na isa daidai an sauko daga masallaci, dattawa sun cika gindin bedi a ƙofar gidan Baba, surukina. Mata na leƙe ta zana. Na danna oda har sau uku, alhali babu kowa a hanya.

Na buɗe ƙofa na miƙe tsaye a bakinta don kowa ya gan ni. Na ɗaga hannu, na yi sallama da babbar murya, na wurga hannun riga bisa kafaɗa yadda manya ke yi. Ban san rigar ta faɗa kan ƙugiyar ɗaure igiya da ke jikin ƙarfen rufi ba. Kuma don ɗoki, ƙafata ta manta an ɗaga mota. Na miƙa ta inda ta saba samun ƙasa, ta sami iska.

Ban faɗi ba. Da na faɗi ma da ya fi. Rigar ta tattare a hammatata ta riƙe ni, na tsaya rataye a jikin mota, ƙafafu na lilo, hula ta gangara cikin taron. (Mai shaddar nan ya rantse mini ba ta yagewa. Allah ya sani bai yi ƙarya ba.) Na shiga wutsil-wutsil ina neman taya da dunduniya, sai na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Zariya ce. Wando ya sauka a hankali, cikin natsuwa, ya taru a idon sawuna, ya bar ni da gajeren wandon ƙwallo mai ruwan ɗorawa.

Idanun kowa suka dawo kaina. Ni da tun aurena ban taɓa ko shan ruwa a gaban Baba ba, yau ga ni a gabansa kamar tulun da aka saƙale. Na rufe ido ina roƙon ƙasa ta tsage, sai na tuna ko ta tsage ba za ni kai gare ta ba.

Baba ya kawar da kai, ya zuba wa garken shanunsa ido kamar yau ya fara ganinsu. Ya yi gyaran murya, ya ce, “Jama'a, Allah ya kawo muna ruwa. Ku taimaka a sauke kaya.” Sai ya ƙara da cewa, “Amma ku fara da direba.”

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har garin Gangara. Wani ƙanen Baba da ya ɗaga ni ya ciro ni, kafaɗunsa na rawa, yana ta cewa, “Sannu, sannu, ba a ga komi ba.” An ga komai.

Na riƙe wando da hannu ɗaya muka juye ruwan a kwami. Shanun suka taso da gudu, har da waɗanda ake ɗagawa, aka tallabo su suka sa baki. Na saci kallon Baba, na ga yana goge ido da bakin rawani, kuma wannan karon ba dariya ba ce. Da za ni tafi ya rako ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Ɗana, gobe ma muna sa ido.” Na ce in sha Allahu. Sai ya juya baya, ya ba ni damar hawa ba shaida.

Haka na yi ta jigila har damina ta gaba ta sauka da albarka, kuma ko saniya guda ba ta mutu ba. Baba ya ba Inno maraƙar farko da aka haifa. Mutanen garin kuwa suka ba ni suna, har gobe Na-Rataye suke ce mini, ni ma na fara amsawa.

Abin da na koya shi ne kunya ba ta kisa, ƙishirwa ce ke yi. Sai dai duk da haka, wanda zai je gidan surukai da niyyar burgewa, kafin ya duba mai da ruwan mota, ya fara duba zariyarsa.