Fidar Kaji Shida

Kaji shida ne da ni a bayan ɗaki, ina kiwonsu don farfesun jegon matata. A tsohon faranti suke ci, kuma lafiyarsu ƙalau, har ranar da na ga ai mutum irina ya wuce faranti.

Na shiga kasuwar Azare sayen fida, wato mazubin abincin kaji. Mai shagon, wani ɗan kudu da ya tsufa a garin, ya ce, "Malam, kaji nawa ne?" Ga wani Alhaji mai gidan gona a Gamawa tsaye kusa da ni. Ta yaya zan buɗe baki in ce shida? Na gyara hula na ce, "Kawo babbar kawai."

Da ƙyar ɗan acaɓa ya kai mu gida. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, jimina za ka kawo mana?" Na juye buhun abinci guda a ciki don in huta da zubi.

Damina ce. Kaji suna tsattsagar na sama, na ƙasa yana shan danshi, har ya yi fumfuna ban sani ba. Kafin matata ta haihu, kaji biyar sun mutu. Da kifi aka yi jego, surukata tana kallona.

Ɗayar da ta rage cikin fidar take kwana yanzu. Yaron har ya fara tafiya, amma duk sanda ƙanin matata ya zo, tun daga zaure yake ɗaga murya: "Alhaji mai gidan gona, ya kazar?"