Shushun da Ya Ƙi Tsira a Garwa

"Ina kwana, angon da ya ƙi tsufa? Ko kunnen ma ya bi haƙoran?"

"Lafiya lau, matar da ta gudu. Wa ya ce ki shigo min lambu da takalmin birni?"

Tsoho Temgoua bai ko waiwayo ba. Yana tsugune a ƙofar ɗakin girki, yana tsinke furen jan ganyen nan ɗan'uwan tumuku, wanda marigayiya matarsa ta jera a tsofaffin tukwane. In aka bar shi ya yi fure sai ya zanƙale, ganyen ya koɗe. Hazon safiyar garin Dschang bai gama sauka daga kan tuddai ba. A bayansa rumfar shushu, wani ɗan'uwan kabewa mai yaɗo da ake miya da shi, ta yi nauyi, 'ya'yansa kore shar suna reto kamar ƙananan goruna. Mai maganar jikarsa ce, Odile, wadda aure da aikin asibiti suka kai Garwa shekara huɗu ke nan. Motar komawarta ta azahar ce, tsohon kuwa tun jiya azahar ɗin ta tsaya masa a ƙirji.

"Irin shushu na zo karɓa," in ji ta.

"Sau uku ina ba ki. Hannunki ne, yarinya. Hannun da ya saba soka wa bayin Allah allura ina zai raya shuka?"

"Na farko na yarda laifina ne."

"Faɗa da ƙarfi kaji su ji! Ta fasa shushu, ta ciro ƙwayar, ta shanya a rana kamar agushi. Jikar Temgoua! Da labarin ya kai kasuwa sati biyu ban leƙa waje ba."

"Ai na koya. Ɗungurungum ake sa shi a ƙasa, a kishingiɗe, a bar rabinsa a waje. Haka na yi wa na biyu, haka na yi wa na uku. Na kafa masa rumfa, na rage ruwan wankana na ba shi. Ya ruɓe ya bar ni da ƙudaje."

"Zafin garinku ne. Garin da kaza ke saka dafaffen ƙwai!"

"Ni ma haka na zata, sai jiya da na shiga gaida maƙwabciyarka Mama Azangue. Ta ce in nuna mata irin wanda kake ba ni. Na nuna a rumfarta. Kaka, sai da matar nan ta nemi kujera don dariya. Ta ce wannan ai na miya ne, jariri ne, ko limamin coci ya yi masa addu'a ba zai tsira ba. Na shuka sai wanda ya ƙosa, fatarsa ta yi tauri, ya buɗe baki ya fito da tsiro da kansa."

Yatsun tsohon suka tsaya a kan ganye. To, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"Azangue! Matar da ta shuka wake ya fito tafasa? Ita ce malamarki yanzu?"

"Shekara hamsin kana noman shushu, ba ka san jariri da tsoho ba?"

"Idona ya yi rauni."

"Idon da ya hango takalmina ta ƙeya?"

"Wannan jin ƙararsa na yi."

"Au, kunnen ya dawo ke nan. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, ango."

Ta tsuguna kusa da shi, ta sa hannu tana taya shi tsinke furen, da farce, daidai yadda kakarta ta koya mata. Temgoua ya kau da kai.

"Kaka, ba don miya nake nema ba. In na taso daga aiki, tsakar gidana ƙasa ce fara fat, sai zafi. So nake in buɗe ƙofa in ga abu ɗaya da ya san ni."

"To in ya tsira fa?" Muryar ta fito da kaushin da bai nufa ba. "Sai ki miƙe ƙafa a ƙarƙashin rumfarki, ke da ɓarawon nan da ya sace min mata. Me zai ƙara kawo ki Dschang? 'Ya'ya biyar na haifa, duk sun zama murya a waya. Ke kaɗai ke hawa mota kwana da yini ki zo har gida ki zage ni."

Odile ta dube shi. Can ta share ido da bayan hannu.

"Ashe haka ne! Tsoho mai wayon zomo. Shekara biyu ka sa ni ina shayar da gawa, maƙwabta suna cewa malamar asibiti ta taɓu."

"Dama can sun sani, ni tabbatarwa na yi."

"Kuma ka ɗauka don shushunka nake zuwa? Zuwa nake in ga ko ka mutu in gaji tukwanen nan."

"Sai ki yi ta jira. Ni da zan aurar da jikarki!"

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shige ɗaki yana mita. Daga ƙarƙashin gado ya jawo wani kwando. Shushu biyu ne a ciki, sun yamutse kamar fuskar mai su, kowanne ya fito da tsiro tsawon yatsa. Wata guda ke nan da ya ajiye su a duhu, kullum sai ya duba su, kullum sai ya mayar.

"Ungo. Gabas da ɗaki za ki sa su, inda ranar yamma ba ta kaiwa. Ruwa safe da maraice, amma kada ki yi musu tafki." Ya karyo rassa uku na jan ganyen ya ɗora mata a kai. "Wannan na kakarki ne, a kofin ruwa ma saiwa yake yi. Ko ke ba za ki iya kashe shi ba."

"Yau ango ya yi kyauta! Bari in duba sama ko za a yi ƙanƙara."

"Da sharaɗi. In ya yi 'ya'ya, na farko ki kawo min da hannunki, in ga ko shushu ne ko kunya."

"In bai yi ba fa?"

Tsohon ya washe dasashi.

"Sai ki zo in yi miki dariya."