Tallar Tafkin da Ya Ƙafe

Shekarar da ruwa ya fara ƙaranci a Dajin Kurmawa, dabbobi suka fara ƙaura gida-gida. Sarki Zaki ya tara majalisa, aka kwana biyu ana shawara, aka tashi a kan cewa matsalar dajin rashin talla ce. Nan take aka buɗe Gidan Talla, aka sayi wayoyi, aka naɗa Kura Asabe manaja.

Bushiya Ladidi ce ke rubuta duk abin da gidan ke sakawa a intanet. Shekara uku ke nan tana wannan aiki, idonta na kan kujerar Shugabar Marubuta, wadda ba kowa a kanta. Al'adar gidan kuwa ita ce, duk ƙarshen shekara a ƙara wa ma'aikaci kalma ɗaya a muƙaminsa, kujerarsa na nan inda take. Ladidi ta fara da Marubuciya, ta zama Ƙaramar Marubuciya, yanzu ita ce Babbar Ƙaramar Marubuciya, har yau a kan kututturen bakin ƙofa.

Wata Litinin Asabe ta tara ma'aikata.

"Nan gidan dangi ɗaya muke," in ji ta. "Babu babba, babu yaro. Kowa ya ɗauko wayarsa ya danna wa hotona alamar so, ina kallo."

Aka danna. Hawainiya Tambai, wadda ta zo aiki bara, har ta rikiɗe ta koma launin gyalen manaja.

"Ƙanwata Ladidi, tallar tafki nake so. Ki ce ya cika ya batse."

"Ranki ya daɗe, jiya na wuce ta wurin. Ko kwaɗo ya tashi."

"Ki sa hoton shekara uku da suka wuce. Kujerar nan fa ina ta tunaninki a kanta."

Ladidi ta rubuta. Ta zuba gwaninta har ita kanta ta ji ƙishirwa. Ma'aikata suka danna so, suka sa 'ya'yansu da surukansu suka danna. Kafin Laraba alamun sun kai dubu tara. Asabe ta ɗauki wayar ta nufi fada.

"Allah ya ja zamanin Sarki, da hannuna na rubuta. Kwana uku ban runtsa ba."

Sarki ya rataya mata lambar yabo, da sunanta a jiki. Ladidi na can baya, riƙe da jakar manaja.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, Sarki ma yana karanta talla, kuma yana yarda. Ya aika wa sarakunan dazuzzuka uku goron gayyatar wanka a tafkin. Ranar Asabar ya shige gaba, ya tuɓe alkyabba, ya yi tsalle daga kan dutse kamar yadda ya saba yana saurayi. Taɓo ya riƙe shi har wuya. Sai da giwaye biyu suka ciro shi, baƙi na ta tarin da ba na mura ba.

"Wa ya rubuta?" in ji Sarki, laka na ɗiga daga gemunsa.

Asabe ta nuna Ladidi. Ladidi ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni 'yar riƙon jaka ce. Ga sunan mai aikin can a wuyanta, da hatiminka."

Sarki ya dubi lambar. Asabe ta kai hannu za ta rufe ta, amma giwaye sun riga sun matso.

Ranar Litinin Ladidi ta zo da wuri, ta share kujerar Shugabar Marubuta da kanta. Sanarwa ta iso daga fada: Tambai ce sabuwar manaja, saboda ita kaɗai ta koma launin laka don taya Sarki jimami. Kujerar nan kuma za a bar ta tukuna.

"Yaya Ladidi, albishirinki," in ji Tambai. "Daga yau ke ce Muƙaddashiyar Babbar Ƙaramar Marubuciya. Ki rubuta mana cewa wankan taɓo na gyara fata."

Ladidi ta ajiye wayar a kan kututture, ta dunƙule, ƙayoyinta a waje. Tambai ta miƙa wayar ga na kusa, shi ma ya miƙa gaba. Wayar ta zagaya ɗakin kaf, manyan muƙamai goma sha ɗaya, ta dawo kan kututturen ba a rubuta ko harafi ba.