Wutsiyar Hansai

A wani daji da ke bayan duwatsu akwai ɗan tafki, damina ta cika shi, rani ya shanye. A cikinsa ake da ƙaramar makarantar talibambam, wato 'ya'yan kwaɗi tun suna da wutsiya, ƙafafu ba su fito ba. Malamarsu wata tsohuwar gaiwa ce, kifin nan da ke shigewa taɓo idan ruwa ya ƙafe. Ita ke koya musu iyo da ɓuya a gindin bado. Wanda ya gama sai ya wuce babbar makaranta a tudu, inda ake koyon tsalle da kamun ƙwari.

A ajin wannan shekarar babu kamar Hansai a iyo. Wutsiya gare ta doguwa, in ta kaɗa ta sau ɗaya sai dai a hango ƙurarta a ƙarƙashin ruwa. Amma da kaka ta gabato, ƙafafu suka tsiro mata, wutsiyar kuma ta fara komawa ciki. Hansai ta daina wasa, ta daina cin gansakuka.

A lokacin ne Majalisar Ilimi ta daji ta zauna a ƙarƙashin tsamiya don shirya bikin yaye ɗalibai. Kunkuru, shugaban majalisa, ya gyara murya ya ce:

"Jama'a, yaye ɗalibai ba wasan yara ba ne. Dole a san wa zai zauna a kan babban dutse, wa zai zauna a kan ƙarami. Dole a san wa zai yi jawabin farko, wa zai yi na godiya, wa kuma zai gode wa mai godiya. Saboda haka ba ɗalibin da zai taka tudu sai an yi biki."

Hawainiya, mai duba makarantu, ta miƙe a hankali. "Ranka ya daɗe, na goyi bayanka. Sai dai na lura yaran sun fara zubar da wutsiya ba da izini ba. Wutsiya ita ce alamar makarantar nan. Duk wanda ya zo biki babu ita, ban ga dalilin ba shi shaida ba. Amma idan majalisa na ganin akasin haka, to ni ma haka nake gani."

Wata kwaɗuwa, Inna Lami, ta ɗaga hannu daga baya. "Allah ya ba ku nasara, ruwan fa yana janyewa."

Kunkuru ya yi mata godiya, ya ce za a kafa kwamitin duba ruwa. Aka ɗage zama.

Labarin ya kai tafki. Hansai ta sami Malama Gaiwa a gindin bado, inda ɗan zurfi ya rage.

"Malama, ki koya mini yadda zan riƙe wutsiyata."

"Ba a riƙe ta, 'yata."

"To in ta tafi, ni wace ce? A nan kowa ya san ni. A tudu an ce akwai masu tsallake kututture. Ni ko tsayawa a kan ƙafafun nan ban iya ba."

Gaiwa ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ban taɓa hawa tudu ba, ban san abin da ake koyarwa a can ba. Mai yiwuwa ki zo ta ƙarshe a aji, ki yi kuka."

"To mene ne amfanin abin da kika koya mana?"

"Na koya muku ne don ku rayu har ƙafafunku su fito. Ga shi sun fito. Kuma wutsiyar nan ba faɗuwa take yi ba. Jikinki ne ke shanye ta, da ita za ki sami ƙarfin tsallen farko."

Hansai ta dubi ɗan guntun da ya rage. "Ke fa, Malama?"

"Ni zan shiga taɓo in jira damina. Wasu za su zo, da manyan kawuna da yawan tambaya kamar ke."

Majalisa ta sake zama, ta sake ɗagewa, domin an kasa sasanta Damo da Bushiya a kan wanda zai zauna a babban dutse. Ruwa kuwa ya koma ɗan kwatami, ya fara ɗumi tun da hantsi. Wata safiya Gaiwa ta tara ɗalibanta ta ce, "Ku fita. In an yi tambaya, ni na ce."

Suka fara fita, suna faɗuwa suna tashi. Hansai ce ta ƙarshe. Ta zagaya kwatamin da iyo, duk da cewa yanzu ba ta da sauri, ta goga kanta a jikin malamarta. Gaiwa ta tura ta da baki zuwa gaɓa. Tsallen farko ya kifar da ita a cikin ciyawa. Wata 'yar ajinsu, wadda kullum ita ce ta baya a iyo, ta dawo ta tsaya kusa da ita har ta miƙe, suka tafi tare. Gaiwa ta bi su da ido har ciyawa ta rufe su, sannan ta fara haƙa.

Bayan an jima majalisa ta cim ma matsaya: Damo da Bushiya za su raba dutsen. Aka sa rana, manya suka hallara a bakin tafki, wanda ya bushe har ƙasa ta tsattsage. Aka yi jawabin farko, aka yi na godiya, aka gode wa mai godiya. Daga can tudu ana jiyo ƙananan muryoyi suna koyon kukan kwaɗi, ba su ma iya ba tukuna.

Da aka tashi, Kunkuru ya shaida wa majalisa cewa tun da yake bai taɓa ganin ɗalibai masu natsuwa irin na bana ba.