Maigadin da Ya Sallami Maganinsa

A layinmu akwai wani dattijo, Baba Gwadabe, mai gadin gidan wani ɗan kwangila. Mutumin kirki ne, sai dai in ya fara ba ka labarin aikinsa, to ka nemi wurin zama. A cewarsa, tarinsa kaɗai ya isa ya hana ɓarawo bi ta layin. To, Baba yana fama da ciwon nan na kumburin hanji, mai lafawa ya dawo. In ya taso masa, buta ce abokiyar aikinsa, wani lokaci har da jini. Likitar da ke duba shi, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta ɗora shi a kan ƙwayoyi, ta ce kullum zai riƙa sha, da ciwo ko babu, in ba haka ba wata rana sai an kai ga yanka. Baba ya sha na wata uku, ya ji garau, har ya koma wa tsirensa mai yaji. Sai ya ƙulle sauran a leda, ya cusa ƙarƙashin katifa. Ba a rufa wata biyu ba, ni na ɗauke shi a babur zuwa asibiti, yana dafe da ciki. Wallahi ya ba ni tausayi.

Likita ta tambaye shi ina magani. Ya zaro ledar ya ajiye a teburinta, ya ce ga shi nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Baba, me ya sa ka daina sha?"

"'Yata, ciwo ya tafi. Ina dalilin mutum ya yi ta haɗiyar ƙwaya a kan abin da babu shi?"

Ba ta yi masa faɗa ba. Tana cikin rubutu ta tambaye shi sana'arsa. Nan take Baba ya manta da cikin, ya gyara zama, ya ce gadi yake yi, shekara goma sha ɗaya a ƙofa ɗaya, ko silifa ba a taɓa ɗauka ba.

"Ko sau ɗaya ɓarawo bai shigo ba?"

"Ina zaune a wurin? Ta ina?"

Sai ta miƙo masa biro da takarda.

"To rubuta min lambar maigidan naka, Baba, in ce ya sallame ka. Ai ɓarayin sun tafi."