Goyon Da Na Yi A Kakau

Ko tsufa ya share mini komai a kai, ba zan manta Asabar ɗin da na fara riƙe makirfo a gaban jama'a ba. Kwana uku kafin ranar ban ci abincin kirki ba, kuma ba tsoron waƙar ne ya hana ni ba. Tsorona ɗaya ne tak: kada a sace mini ɗa a gidan biki. Walid wata bakwai gare shi a lokacin, shi ne na fari, ni kuwa irin iyayen nan ce da in yaro ya daɗe yana barci sai na kai yatsa hancinsa in ji ko yana numfashi. Duk labarin satar yara da aka taɓa bayarwa a bakin famfon layinmu a Unguwar Sanusi yana nan a kaina, har da wanda mai bayarwar ta ce a mafarki ta gani.

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyar na tsaya, kuma waƙa ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. In akwai malamina, to Walid ne. Yaro ne mai rigima, ba ya barci sai a baya, sai ana jijjiga shi ana rera masa wani abu. Haka na riƙa haɗa 'yan baitocina a tsakar gida, ina wanke-wanke ina rausaya. Maƙwabciyarmu Maman Godiya, wadda ke waƙa a zumuntar matan cocinsu, ita ta jiyo ni ta katanga. Ta leƙo ta ce, "Maman Walid, wannan muryar kike ɓatawa a kan tukwane? Wallahi ba kyau." Ita ta haɗa ni da Inna Delu, shugabar masu kiɗan ƙwarya a unguwarmu, wadda muryarta ta fara dishewa tana neman mai ba da waƙa. Muka yi gwaji sau huɗu a gidanmu, Inna Delu ta ce na yi. (Abin da ba wadda ta lura da shi, har ni, shi ne duk gwajin nan da goyo a bayana na yi shi.)

Aikin farko yinin biki ne a Kakau, mata zalla, shi ya sa ma maigida ya yarda. Gidan bikin suka aiko mana da yadin anko, na ɗinka nawa, ƙyallen da ya rage na ba tela ya yi wa Walid 'yar riga da hula. Ina ta jin daɗi wai na yi dabara. Ashe duk matan dangin amarya dabarar da suka yi wa jariransu ke nan.

Muna sauka daga mota Inna Delu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kwance yaron nan."

Na ce, "Inna, ai ba zai yi kuka ba."

Ta ce, "A ƙungiyata mai ba da waƙa ba ta tsayuwa da goyo. Biki muka zo, ba layin awo ba."

Haka na kai Walid ɗakin uwar amarya. Jarirai wajen shida na tarar a jere kan katifu suna barci. Na zaɓi gefen bango, ƙarƙashin taga, na kwantar da shi, na tofa masa duk addu'ar da na iya. Maman Godiya, wadda ta rako ni musamman don wannan, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ki je abinki. Ina nan kamar soja."

Aka kafa kanofi a tsakar gida, aka ta da janareta. 'Yan ƙungiya suka zauna da ƙorensu, aka cika baho da ruwa aka kifa ƙaramar ƙwarya a kai, Inna Delu ta ɗauki sanduna. Kiɗa ya tashi. Aka miƙo mini makirfo.

Jama'a, na ga komai a wurin nan. Na ga wata mai haƙorin Makka tana ɓoye cinyar kaza a leda. Na ga ɗaurin ɗankwalin uwar ango ya karkace hagu. Na ga ƙudan da ke kan kular shinkafa. Abin da ban gani ba shi ne waƙata. Bayana ya yi sanyi, fayau, kamar an cire mini wani sashe na jiki, na rasa yadda ake tsayuwa ma. Na buɗe baki, wata ƙara ta fito irin ta ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Kiɗa ya zagayo, ya sake zagayowa, 'yan amshi sun buɗe baki suna jiran abin da za su amsa, ni kuwa ina tsaye ina haɗiyar yawu a sifika, kowa na jin ƙut ɗinsa.

Wata ta ce daga baya, "Inna Delu, bebiya kika ɗauko mana?"

Aka kwashe da dariya. Shekara ashirin da wani abu Inna Delu na kiɗa, ba a taɓa yi mata dariya a wurin aiki ba, sai ranar da ta zo da ni. Ta kafe ni da ido hannunta na kan ƙwarya, sai na ga ta gane. Ta cikin haƙora ta ce, "Je ki ɗauko tsiyar ki goya. Da gudu."

Na ruga. Ɗakin duhu, labule a sake, janareta sifika kaɗai yake ja. Kujerar Maman Godiya ba kowa a kai. (Na ce a raina, soja ke nan, za mu haɗu a gida.) Na nufi ƙarƙashin taga, ga rigar anko, ga hula. Na kama dantse na wurga baya yadda kowace uwa ke yi ba sai ta duba ba, na ja zani na ɗaure, na lulluɓa mayafi saboda rana, na fito.

Yanzu ga inda nake so ku yi mini adalci, ko kuma kada ku yi. Na ji goyon ya fi nauyi, na ce Walid ya sha nono ya ƙoshi. Na ji ƙamshin wata hoda da ban taɓa saya ba, na ce ta katifar ce. Na ji wani ɗan abu yana sukar gadon bayana, na ce tela ya manta allura, zan ci masa mutunci. Ni da nake gane maƙwabciya ta canja man girki daga ƙamshin miya, duk waɗannan alamu suka zo suka gaishe ni suka wuce.

Ina karɓar makirfo na jijjiga sau biyu, sai murya ta dawo kamar an kunna famfo. Na yi wa amarya, na yi wa uwar amarya, na zagayo dangin ango ɗaya bayan ɗaya. Guɗa ta ko'ina. Mai cewa bebiya ita ta fara fitowa rawa tana yi mini liƙi a goshi. Inna Delu na dukan ƙwarya ruwan baho na fantsama, tana murmushi, abin da 'yan ƙungiya suka ce sau ɗaya ake gani a shekara. Na ce a raina, shi ke nan, na zama mawaƙiya.

Ana cikin haka sai ihu ya tashi daga cikin gida. Anti Rabi ce, yayar amarya, ta fito ba ɗankwali, hannu a ka.

"Amira! Ba Amira a ɗaki! An ɗauke mini 'ya!"

Kiɗa ya tsaya. Abin da na kwana uku ina tsoro ga shi ya faru, sai dai a kan wata. Na kai hannu baya na shafa goyona na ce a hankali, "Ka gani ko, Walid? Da na bar ka da kai ne." Hawaye ya zubo mini don tausayin Anti Rabi. To kun san makirfo yana hannuna, kuma mutumin da aka yi wa guɗa minti goma da suka wuce gani yake shi ne gwamna.

Na ce, "A rufe ƙofar gida! Kada a bar kowa ya fita! Duk mai goyo ta kwance a gani!"

Aka rufe. Mata suka fara kwance zannuwa suna ɗaga 'ya'yansu sama. Ban tsaya nan ba. Tun ɗazu na lura da wata mai koren hijabi tana raɓe-raɓe wajen zaure, sai na nuna ta da makirfo na ce, "Baiwar Allah, ina za ki? A duba cikin hijabin nan!" Aka duba. Buta ce. Bayan gida take nema.

Maimakon in ji kunya in yi shiru, sai waƙa ta taso mini, sabuwa fil, a nan take. Na ɗaga murya:

"Wadda ta ɗauki 'yar mutane,
Allah ka tona asirinta!
Ƙafar da ta taka zuwa ɗakin nan,
Ta bushe kamar karan dawa!"

'Yan amshi suka karɓa, "Amin, amin!" Inna Delu ta sa kiɗa. Mata sama da ɗari suka ɗauka, har uwar ango. Na tsine wa hannun ɓarauniyar, na tsine wa bayanta, na roƙa mata kunyar da za ta bi ta har jikoki. Kowane baiti ina jijjiga goyona da ƙarfi don takaici, goyon kuwa barci yake sha abinsa.

Ina tsakiyar baiti na biyar na hango Maman Godiya tana ratsowa daga wajen rijiya, zaninta a jiƙe. A kafaɗarta akwai yaro tsirara, daga shi sai tawul, yana tsotsar guntun alkaki. Na ce wannan yaro da kama da Walid yake. Kunnuwan ubansa sak. Har da ɗan tabon sauro a kumatu.

Ta ɗaga murya ta ce, "Maman Walid! Ya ɓata rigarsa, na kai shi rijiya na wanke shi. Ina kika sa wata rigar?"

Wurin ya yi tsit, janareta kaɗai ke magana. Ni kuwa, maimakon in sauke makirfo daga bakina, a cikinsa na ce, "Innalillahi. To wa na goya?"

Sifikar nan na tabbata har masu wucewa a titin Abuja sun ji.

Ban san wadda ta yaye mayafin ba. Na dai ji an zare zani, hula ta faɗi ƙasa, sai ga 'yan kunne na zinariya suna walƙiya. Su ne allurar tela. Ashe da Maman Godiya ta ɗauke Walid, wata ta matsar da Amira wurin don a sami iska ta taga. Yarinya ta buɗe ido ta yi hamma, ta dube mu kamar mun katse mata hutu.

Anti Rabi ta fizge 'yarta ta rungume, ta yi kuka, ta duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta tabbatar sun cika sannan ta juyo kaina.

"Ke! Ke da kika ce a rufe ƙofa? Ke da kika sa na ce amin sau ashirin?"

Na durƙusa na ce, "Anti, don Allah ki yi haƙuri, wallahi rigarsu ce iri ɗaya."

"Rigarsu? Namiji da mace ba ki sani ba? Ke kika haife shi ko aro aka ba ki?"

Mai koren hijabi ta matso da butarta ta ce, "Ku ɗaga zaninta mu ga ƙafar, ko ta fara bushewa."

Kakar amarya, wata tsohuwa da ke zaune kan tabarma tun safe, ita ta fara dariya, har sai da aka riƙe ta. Daga nan wuri ya ɓarke. Anti Rabi kanta ta cije, ta cije, ta kasa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ƙyaure.

A mota Inna Delu ta juya mini ƙeya tun daga Kakau har Unguwar Sanusi. Na rungume Walid (ina duba kunnensa kowane minti biyu), na riga na sallama, na san aikina na farko shi ne na ƙarshe, zan koma in ci gaba da yi wa tukwane waƙa. Sai da na sauka ta leƙo ta taga ta ce, "Asabar mai zuwa akwai suna a Romi. Ki zo da goyo." Sannan ta ƙara da cewa, "Naki."

Da a nan abin ya tsaya da na gode. Amma wata ta ɗauka a waya, ya zaga wayoyin mata daga Tudun Wada har Makera. Muna isa Romi, kafin in gaishe da mai jego, aka ce sai na yi waƙar ɓarauniya. Yau shekara biyu ke nan, ba bikin da za mu je ba a nemi waƙar nan ba. Inna Delu ta ce ita ce ta fi kawo mana aiki, ba zancen dainawa. Kafin a ba ni makirfo sai ta zagaya bayana ta ɗaga mayafi a gaban kowa ta ce, "Wannan nata ne, na duba." Sannan in tsaya in tsine wa kaina baiti biyar, mata na nuna ni da yatsa suna amsawa.

Abin da na koya bai da yawa: kafin in sa a rufe ƙofa a nemo mai laifi, yanzu ina fara waiwayawa in ga abin da na ɗauro a bayana.

Sai dai ga damuwata. Tun daminar bara ƙafata ta hagu take ɗan yi mini tsami in na daɗe a tsaye. Maman Godiya ta ce takalmi ne, maigida ya ce tsayuwa ce, ni dai na san abin da na roƙa da bakina. Don haka ina roƙonku, in kun gan ni a wurin biki, ku yi rawa, ku yi guɗa, ku nuna ni da yatsa in kuna so. Amma in na zo baitin ƙafa, don Allah kada ku ce amin.